Inci Ɗaya da Biyar Bisa Takwas

2 ga Fabrairu

Taubashiyata Injiniya,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da aikinki. Mu nan da sauƙi, sai idona na hagu da ya fara yi mini hazo, da gwiwar mai ɗakina da ta ƙi jinin matakala.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna bayan shekara tara. Adireshinki a bayan wani tsohon ambulan na same shi, cikin kayan Gwaggo, Allah ya jiƙanta. Idan kin tashi daga wurin, wanda ya buɗe ya yi haƙuri da surutun mai walda.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba, buƙata ce ta kawo ni. Har yanzu ina garejin da kika sani, a lungun baya kusa da famfo, ina lanƙwasa bututu ina ɗinke salansa. Mai gareji ya rasu bara, ɗansa ya karɓa. Shi a ganinsa yanzu salansa a kwali ake sayowa a ɗaura, lunguna kuma ya fi dacewa da injin daidaita taya. A gaban kowa ya faɗa mini, yana shan lemo, cewa aiki ɗaya ya rage mini in nuna amfanina.

Aikin shi ne wannan. Wani likitan haƙori yana da mota da aka yi wa injinta gyaran ƙara ƙarfi, yana shiga tseren hawan tudu da ake yi ranar 20 ga Afrilu. Mota ɗaya-ɗaya ake saki, ana duba agogo. Bara ya hau a minti biyu da daƙiƙa arba'in da ɗaya. Yanzu yana so a cire bututan nan huɗu na kamfani, waɗanda ke fitowa daga kan injin su haɗu wuri guda, in ƙera masa wasu da hannu. Idan ya rage lokacinsa na bara, na zauna. Idan bai rage ba, in kwashe kayana.

Abin da nake tambaya shi ne faɗin bututun. Likita inci biyu yake so, don a wata mujalla ya gani, kuma yana son rugugi. Babban bakanike ma bayansa yake. Ni shekara talatin da ɗaya ina aikin nan da ido da kunne, amma a kan motocin kai yara makaranta. An ce ke yanzu injuna kike gwadawa a kamfani, maza na tsaye suna jiran ki sa hannu. Yarinyar da nake kora daga shagon Baba da tsumman mai! Ki taimaki tsohon da ya kore ki.

Ɗan kawunki,
Mai Walda

*

17 ga Fabrairu

Yaya Mai Walda,

Na samu wasiƙarka. Lafiyata ƙalau. Allah ya sauwaƙe idon da gwiwar.

Ka tambaye ni faɗin bututu ba ka faɗa mini injin da za a ɗaura wa ba. Ina buƙatar girman injin da yawan silinda, da abin da aka canza a cikinsa. Ina buƙatar sanin juyi nawa yake yi a minti kafin ƙarfinsa ya fara sauka. Fiye da duka ina buƙatar hanyar: tsawonta, kwana nawa ke cikinta, da wace giya ake fita daga kowace kwana, kuma allurar juyi tana kan nawa a lokacin. Kada ka tambayi likita, zai ƙara. Ka shiga motar ka zauna a gefensa ka duba da idon da ya rage maka. Ka kuma rubuto mini girman bututan da ake samu a wurinku, don babu amfanin in ba ka lambar da ba za ka samu ba.

Ba zan ba ka lambar wayata ba. Abin da aka faɗa da baki ana iya musunsa daga baya. A rubuce nake so.

Na duba hatimin gidan waya a kan ambulan ɗinka. Kwana shida wasiƙar ta yi a hanya. Ban taɓa sanin saƙo daga gidanku yana iya sauri haka ba.

'Yar gwaggonka

*

25 ga Fabrairu

Taubashiya,

Gaisuwa da godiya. Da na ga rubutunki sai da na karanta wa mai ɗakina, ta ce har yanzu bakinki na nan yadda yake. Gaskiyarki, gidan waya ya gyaru, da can sai mutum ya manta abin da ya rubuta kafin amsa ta zo.

Na yi yadda kika ce. Injin lita biyu ne, silinda huɗu, bawul goma sha shida. An ɗan rage kan injin, an canza sandar da ke buɗe bawul, amma ba irin ta tsere zalla aka sa ba, don da motar likita yake zuwa asibiti wani lokaci. Tana ja har juyi dubu shida da ɗari biyar, daga nan sai ƙara babu gudu.

Ranar Lahadi na shiga gefensa muka hau tudun sau uku. Hanyar kilomita uku ce da ɗan ɗori, kwana goma sha ɗaya, bakwai daga ciki masu tsanani ne, da giya ta biyu ake fita, allura tana wajen dubu uku. Miƙaƙƙen wuri ɗaya ne, bai fi mita ɗari uku ba. A hawa na uku na ce ya tsaya, na amayar da abin da na ci. Ya ce in buɗe baki tunda dama ta samu, ya leƙa, ya ce haƙora biyu sun mutu.

A wurin dillali akwai inci ɗaya da rabi, da ɗaya da biyar bisa takwas, da ɗaya da uku bisa huɗu, sai inci biyu. Ba ni da injin lanƙwasa. Yashi nake soyawa ya bushe, in ɗura a bututu, in toshe baki biyu, in gasa in lanƙwasa a hankali don kada ya tsuke. Kowane ɗaya yana cin kwana uku idan bai fashe ba. Da haɗawa da gwadawa, mako uku nake buƙata, ba ragi. Ki lissafa mini da wannan.

Ina jiran ki.

Mai Walda

*

17 ga Maris

Injiniya,

Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu muna nan. An ba ni maganin ɗigawa a ido, ban ga bambanci ba.

Ko wasiƙata ta 25 ga Fabrairu ba ta iso ba? Na sake kwafe lambobin a bayan wannan takarda ko da ta ɓata.

Injin daidaita taya ya iso ranar Talata, cikin akwatin katako. Sabon mai gareji ya sa an ajiye shi daidai bakin lunguna, sai na yi gefe-gefe nake shiga. Bakanikai a kansa suke ɗora kofunan shayi. Jiya babban bakanike ya zo da tef yana auna bangona ina tsugune ina aiki, bai ko ce mini sannu ba. Mutumin da ni na koya masa riƙe wutar walda.

Likita yana zuwa kullum bayan ya tashi, yana tambaya ina bututansa. Na ce masa ina jiran lissafi daga kamfani. Wannan kalma ta kamfani ita ce ke riƙe da ni yanzu.

Saura kwana talatin da huɗu. Layi ɗaya ya ishe ni, taubashiya.

Mai Walda

*

25 ga Maris

Yaya,

Wasiƙunka biyu sun iso, kowacce a kan lokaci. Lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni amsawa ba.

Ga lambar. Inci ɗaya da biyar bisa takwas, awon waje, mai siririn bango. Kowane bututu inci talatin da biyu, huɗun su zo daidai da juna, kada bambancin ya wuce rabin inci. Su haɗu a cikin bututu mai inci biyu da kwata.

Dalili kuwa, hayaƙi ba zuba yake yi kamar ruwan famfo ba, bugu-bugu yake fita. Idan bututun ya yi masa daidai, kowane bugu yana tafiya da sauri, ya bar wuri a bayansa da ke zuƙo ragowar hayaƙin daga silinda, sabon mai da iska su samu wurin shiga. Idan bututun ya yi faɗi, bugun sai ya baje, ya huce, ya yi nauyi. Inci biyu na injin da ke zama a juyi dubu takwas ne a fili miƙaƙƙe. Motar likitanka sau bakwai za ta fito daga kwana a dubu uku, tana kallon sama. A nan ake cin tseren, a nan ake faɗuwa.

Na gama da aikinka. Saura nawa.

Inna ta rasu ranar 4 ga Yuni, shekara tara ke nan. Wasiƙarka ta sanar da rasuwar ta same ni ranar 21 ga Yuli, layi huɗu, har da kuskure a sunan unguwar da nake. A tsakanin nan na aiko mata da wasiƙa biyu da rigar sanyi. Wani ya karɓa, wani ya buɗe. Da na zo, matar da ke gidan kusa da ku ta nuna mini ɗakin da Inna ta yi watanninta biyar na ƙarshe: ƙaramin nan na ƙasa, wanda bangonsa ɗaya yake da wurin janareta. Na hau sama in ga ɗakin Inna na da, mai tagar da take zama tana tsefe kai. Na tarar da bututai jere a kan katako tun daga ƙasa har silin, kowane girma da layinsa, an rubuta awonsu da alli. Ban taɓa ganin ajiya mai tsari haka ba. Har yau idan sababbin ma'aikata suka watsar da kaya, ɗakin nan nake tunawa.

Shekara tara ba ka ce mini komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba. Yanzu ka zo kana kira na taubashiya, kana tuna mini da tsumman mai.

Saboda haka ka yi tunani da kyau. Idan akwai ranar da zan so in cuce ka, kuma in iya, to wannan ce. Ba ka da hanyar gwada abin da na faɗa, ba ka da lokacin yin biyu. Lambar tana sama. Ka yi yadda ka ga dama.

'Yar gwaggonka

*

3 ga Afrilu

Injiniya,

Muna lafiya, tunda kin damu.

Na karanta wasiƙarki sau huɗu. Na naɗe rabin ƙasa na nuna wa likita da babban bakanike rabin sama. Bakanike ya zagaya yatsa biyu ya nuna wa jama'a faɗin, ya ce wannan ai bututun shan lemo ne. Likita ya tambaya ko kin taɓa tuƙa mota. Ban kare ki ba.

Kin ɗauka don ban yi karatu ba ba na gane tarko. Wata guda kika riƙe ni, sai da kika tabbatar ba ni da lokacin gyara kuskure, sannan kika aiko da lamba tare da wuƙa a ambulan ɗaya. Kina so in shaƙe motar mutum a gaban jama'a, a ce tsoho ya toshe mata hanci, ke kina can kina dariya da farar rigarki. Na sayo inci biyu. Na riga na lanƙwasa na farko, ya fito kamar an zana.

Tunda a rubuce kike so, ga shi a rubuce. Gwaggo ta faɗi a matakala sau biyu kafin mu sauko da ita. Ɗakin ƙasa shi ne kusa da banɗaki, kuma mai ɗakina ce ke ɗaga ta ta kai ta, da gwiwar nan da kike yi wa addu'a a layi ɗaya. Ɗakin sama ya zama babu kowa, ni kuma ruwa yana cinye mini kaya a waje. Me kike so in zuba a ciki, hotonki?

Ban rubuto da wuri ba, gaskiya ne. Na ce wadda ta yi shekara huɗu ba ta zo ba, mako shida ba zai dame ta ba. Rigar sanyin ta zo, mai kyau ce, ba ta kai girmanta ba ko da tana raye, don ba ki san yadda jikinta ya kumbura ba. Kuma tunda kina son lissafi daidai: wata uku kafin ta rasu ta daina tambayar ki. Ba mantuwa ba ce, hankalinta garau yake har ranar ƙarshe. Dainawa ta yi.

Ki riƙe lambarki.

Mai Walda

*

22 ga Afrilu

Injiniya,

Ina gaisuwa. Ban ga amsarki ba, ban kuma sa rai ba. Na ga ya kamata ki ji yadda aka ƙare daga wurina.

Na gama ranar 17. Da aka tayar da motar a gareji, masu shagunan layin duk sun fito. Likita ya yi ta taka totur yana dariya, mai gareji ya dafa kafaɗata, karo na farko tun rasuwar ubansa. Bakanike ya bi ɗinkin da ruwan sabulu yana neman inda zai yi kumfa, bai samu ba.

Ranar tsere na tsaya a kwana ta huɗu, inda ake ganin mota tana fitowa tana fuskantar hawa. Tun daga ƙasa ake jin tamu, ta fi kowacce murya. Ta shigo kwanar da kyau. Da ya taka, sai ta yi wani irin nishi, kamar mai barci da aka tasa, ta ɗauki lokaci kafin ta farka. Ban buƙaci agogo ba. Wani mutum a gefena ya ce wa matarsa, wannan baki ne da ita kawai.

Minti biyu da daƙiƙa arba'in da huɗu. Ya ƙara uku a kan na bara, wanda ya yi da bututun kamfani. Likita bai yi faɗa ba, ya ce in cire kayana daga motarsa kafin Laraba a mayar masa da tsohon. Mai gareji kuwa, da safe na tarar ya sa an buɗe akwatin katakon. Yau na kwashe. Tukunyar gas da abin riƙe ƙarfe suna tsakar gida, mai ɗakina tana zagaye su.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Ranar da na dawo daga hawan tudun nan da likita, tun kafin in rubuto miki lambobin, na je wurin dillali na sa hannu a kan ɗaya da biyar bisa takwas. Kunnena ne ya ba ni, yadda injin ke numfashi a giya ta biyu. Da wasiƙarki ta yi jinkiri har na yanka guda huɗu na ɗura yashi. Ina jiran ki ne kawai don in samu takardar da zan nuna wa likita. Sai takardar ta zo da abin da ke zuciyata daidai, daga hannun wadda ta ce tana son ta cuce ni. Na ce to lallai ni ne na yi kuskure tun farko.

Tambaya ɗaya. Kin san haka zan yi?

Mai Walda

*

2 ga Mayu

Yaya,

Na samu wasiƙunka na 3 da na 22. Lafiya nake. Ka gaishe da mai ɗakinka, ka ce na gode da ɗaga Inna da ta yi. Ita ba ni da ƙorafi a kanta.

Ban sani ba tabbas, amma na yi zato. Lissafin minti ashirin ya ɗauke ni, ranar da lambobinka suka iso. Na rubuta shi shi kaɗai a takarda, layi biyar, na sa a ambulan har da kan sarki. Yana nan a aljihun teburina. Wanda na aiko maka shi ne na biyu. Babu ƙarya ko ɗaya a cikinsa, ka iya kai wa duk injiniyan da ka yarda da shi. Wasiƙarka ta 3 ga Afrilu ta same ni ranar 9, da sauran kwana goma sha ɗaya, kuma yanzu na ji kana da guda huɗu a yanke. Da na amsa a ranar, wataƙila da ka kai. Na karanta layinka na ƙarshe a kan Inna, na tafi cin abinci.

Ina da buƙata, tunda yanzu muna roƙon juna. Duk shekara ina koyar da sababbin ma'aikata wannan darasi na faɗin bututu, kuma ba su yarda da allo. Kullum misalin da nake samu na kuskuren faɗi mummunan aiki ne, sai su ɗora laifin a kan walda. Ban taɓa samun wanda aka yi shi da kyau ba kuma ya zama ba daidai ba. Idan ba ka sayar wa masu gwangwan ba, ka aiko mini da haɗin inci biyun nan da ka ƙera. Zan rataye a bangon ɗakin gwaji, in rubuta lokutan biyu a ƙasa. Ba zan sa sunanka ba.

'Yar gwaggonka

*

12 ga Mayu

Injiniya,

Muna nan. An ce idon sai an yi aiki, na ce a bari tukuna, babu abin da nake sauri in gani.

Mai ɗakina ta ce in jefa wasiƙarki a murhu, in kai ƙarfen bola. Kwana uku ina kallonsa a jingine da bango. Jiya na wanke shi da kananzir, na naɗe da buhu biyu, na ba direban babbar motar da ke bi ta wajenku. Zai kai ƙofar kamfani ranar Alhamis ko Juma'a. Ki sa a ɗauka da hannu biyu, kada a ja shi a ƙasa.

Bututu na uku sau biyu ya fashe mini kafin ya yarda, ki duba lanƙwasarsa ta ƙasa, ba za ki ga inda ya tsuke ba. Huɗun ban bar bambancin da ya kai kwatan inci ba, ki auna. Idan za ki rataye, kada ki manna wurin haɗuwar da bango. Ki juyo shi waje, daidai tsayin ido, inda haske ke faɗawa. Ciki na bi na ɗinke shi, da madubi, da ido ɗaya.

Ki sa sunan.

Mai Walda